Ruwan da Ya Ƙazantu Zai Iya Komawa Randa?

Ran wata Lahadi cikin watan Afrilu, bayan an tashi daga sujada a Domayo, dattawan ikilisiya suka zauna a gindin dalbejiya suna jira rana ta yi sanyi. Kwana uku ke nan famfon unguwa bai zubo ba. Wani saurayi, ɗalibi a jami'ar Marwa, ya ɗebo musu ruwa a moɗa daga jarkar da aka saya a wurin ɗan garuwa. Yana miƙa moɗar sai ya ce, "Baba, akwai wani birni a kudancin Afirka inda ake tattara ruwan wanka da na wanki da na bayan gida, a tace, a mayar cikin famfo, mutane su sha. Sun fi shekara hamsin suna haka." Dattijon ya ajiye moɗar, ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Ɗana, abin da ya shiga masai ya shiga ke nan. Ko an wanke shi sau dubu ba zan kai shi bakina ba, ba kuwa zan ba baƙona ba."

Saurayin bai yi ƙarya ba, dattijon kuma bai yi wauta ba. Gardamarsu ta taɓa wata tambaya wadda ta girmi injin tace ruwa nesa ba kusa ba: abin da ya taɓa ƙazantuwa, ya ƙazantu ke nan har abada, ko kuwa yana iya tsarkaka? Da me za a auna shi, da inda ya fito ko da yadda yake yanzu? In kuwa an ce ya tsarkaka, maganar wa za a gaskata?

Ƙishin arewa

Domayo unguwa ce a birnin Marwa, a bakin Mayo Kaliao. Da damina mayon yakan cika har ya yi ambaliya. Da rani kuwa sai ya zama filin yashi, yara suna buga ƙwallo a ciki, mata suna tona rami su jira ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙwarya. Marwa tana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Garwa wajen 1,000, amma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin sai a dogara ga abin da ƙasa ta ɓoye. Cikin Maris da Afrilu zafi yakan wuce awo 40, a lokacin ne rijiyoyi ke ja da baya, kuɗin jarka kuma ya hau.

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu ƙwarai a waɗancan shekaru, har masunta da makiyaya suka yi ƙaura. An gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, aka kammala ta Lagdo a kan Binuwai a 1982 domin wutar lantarki da ban ruwa. Duk da haka bakunan da ke neman ruwa suna ta ƙaruwa, gama mutanen ƙauye suna shigowa birni, waɗanda tashin hankalin kan iyaka ya kora su ma sun shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini domin sha da girki da ɗan tsabtace jiki shi ne wajen lita 20, wato jarka guda. Gida mai mutum goma yana bukatar jarka goma kowace rana kafin a yi zancen wanki ko dabbobi. Wanda ya san wannan lissafi ba zai ɗauki maganar saurayin a kan labarin ban dariya ba.

Abin da aka yi a Windhoek

Birnin da saurayin yake nufi shi ne Windhoek, babban birnin Namibiya. Ruwan saman da yake samu bai kai rabin na Marwa ba, wajen milimita 360 ne a shekara, kogunan da ba sa ƙafewa kuma suna can kan iyakokin ƙasar, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. A 1968, tun ƙasar ba ta sami mulkin kai ba, aka gina matata a Goreangab wadda ke mai da ruwan da ya fito daga gidaje ya zama ruwan sha. Ita ce ta fari a duniya da ta yi haka kai tsaye. A 2002 aka buɗe sabuwa wadda take iya tace lita miliyan 21 a yini.

Aikin ba na taki ɗaya ba ne. Da fari, ba a barin ruwan masana'antu ya gauraya da na gidaje, an ware masa hanyarsa dabam. Ruwan gidaje yana fara zuwa wata matata da ake kira Gammams, inda ake tsame tarkace, a bar ƙananan halittu su cinye ruɓaɓɓen abin da ke ciki, a bar laka ta kwanta. Daga nan sai ya wuce Goreangab. A can ake zuba masa maganin da ke dunƙule datti, irin aikin da alif ko garin 'ya'yan zogale ke yi a cikin randa, a hura masa iska dattin ya taso sama a kwashe. Sai ya ratsa yashi, a sa masa iskar ozon mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ratsa gawayi na musamman mai shanye wari da guba, ya ratsa wani mataci mai ƙofofin da suka fi ƙwayar cuta ƙanƙanta, a ƙarshe a sa masa kulorin. Ko bayan wannan duka ba a tura shi cikin gari shi kaɗai, sai an gauraya shi da ruwan madatsu da na rijiyoyin burtsatse. Rabonsa cikin ruwan birnin yakan kama daga wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Dalilin jera matakai da yawa haka shi ne, in ɗaya ya kasa, na gabansa ya tare. Akwai na'urori masu auna ruwan dare da rana, in awon ya nuna wani mataki bai cika ba sai a karkatar da ruwan, ba ya shiga bututun gari. Fiye da shekara hamsin ke nan ba a danganta wata annoba da wannan ruwa ba. Wasu wurare kuma sun bi sawu: Singafo ta buɗe matatunta a 2003, garin Beaufort West na Afirka ta Kudu a 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jagora a kan aikin a 2017.

Gaskiyar da ke cikin ƙyama

Kafin a ce dattijon ya yi kuskure, ya kamata a ba shi nasa. Ƙyamar bayan gida ba jahilci ba ce. Mahalicci ne ya sa ta cikin mutum, ta kuwa tsare rayuka da yawa tun ba a san akwai ƙwayoyin cuta ba. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango domin biyan bukata, kowa kuma ya tona rami ya rufe. Dubban shekaru bayan haka masu ilimi suka gane abin da wannan doka ke karewa. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwar Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida har ya gano cewa mamatan sun sha ruwan famfo guda. Da aka tona, sai aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar, yana yoyo a cikinta.

Arewacin Kamaru ya san wannan cuta da idonsa. A 2010 kwalara ta kama fiye da mutum 10,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 600, mafi yawansu a yankin Arewa Mai Nisa. Wanda ya ga an ɗauki yaro mai ƙarfi da safe, da yamma an binne shi, yana da dalilin tofar da yawu in an ambaci masai kusa da moɗa. Zuciyar da ke cewa a raba ƙazanta da abin sha tana faɗin gaskiya, duk wanda ya raina ta kuwa yana wasa da ran mutane.

Inda ƙyama take tuntuɓe

Amma ƙyama tana da aibi guda: tana aiki da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, cuta kuwa ba ta bin wannan hanya. Cikin shekarun 1980 wani malamin jami'a a Amurka, Paul Rozin, ya yi gwaji. Ya ɗauki mataccen kyankyaso wanda aka riga aka kashe dukan ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, ya tsoma shi cikin ruwan 'ya'yan itace, ya cire, ya miƙa wa mutane. Sun san babu cuta a ciki, duk da haka suka ƙi sha. Ƙyama ta hana su abin da ba zai cuce su ba. A Landan kuwa akasin haka ya faru. Ruwan famfon nan garau yake, mai daɗi a baki, har wata gwauruwa da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa takan aika a ɗebo mata shi domin ta fi son ɗanɗanonsa. Ta sha, ta kamu, ta mutu. Ƙyama ba ta ce mata kome ba.

Haka yake a unguwanni da yawa a yau. Gida ƙarami ne, an haƙa salga a wannan kusurwa, rijiya a waccan, tsakaninsu bai fi taku goma ba, ko kuwa salgar maƙwabci ce a bayan katanga. Masu aikin lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya. Inda ƙasa yashi ce, ruwa kuma yana kusa da sama, abin da ke cikin salga yana tsiyaya zuwa rijiya, musamman da damina. Ruwan ya fito sanyi ƙalau, ba launi, ba wari, maigida ya sha ya gode wa Allah. Ashe abin da dattijon ya rantse ba zai kai bakinsa ba, mutane da yawa suna shansa kullum, ba tare da an tace ba, ba tare da an auna ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan faɗi. Ba a ƙera sabon ruwa. Mai Hadishi ya lura tun dā cewa koguna suna ta kwarara cikin teku, teku kuwa ba ta cika, ruwan yana komawa inda ya fito ya sake gangarowa. Ruwan da ke cikin randa yau ya riga ya ratsa cikin mutane da dabbobi sau da yawa, rana ta ɗauke shi, gajimare ya zubo shi, yashi ya tace shi. Abin da Garwa ta zubar cikin Binuwai yana gangarawa Yola, na Yola ya wuce Numan da Makurɗi har Lokoja, a kowane gari kuwa akwai mai ɗiba ya sha. A Kano, manoman lambu a gefen Jakara suna ban ruwa da ruwan kwatar birni, kayan miyar kuma ya shiga kasuwa. Saboda haka zaɓin da ke gaban mutane shi ne tsakanin sake amfani da ruwa cikin rashin sani, ba mai tsaro, da sake amfani da shi ido a buɗe, ana aunawa.

Asali ko hali

A nan ne tambayar ta zama ta lamiri. Lucas van Vuuren, ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin Windhoek, an san shi da koyarwar cewa ingancin ruwa ne abin dubawa, tarihinsa ba shi ne alƙali ba. Mai bi zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Littafin Firistoci sura 11 ya yi tsanani a kan ƙazanta, har ya ce a fasa tukunyar ƙasa in mushe ya faɗa ciki, amma a wannan sura aka ce maɓuɓɓuga ko rijiyar tara ruwa tana nan da tsarkinta. Ba a yanke wa ruwa hukuncin da aka yanke wa tukunya ba. A Mara ruwa mai ɗaci ya zama abin sha a hannun Musa. A Yariko mutanen gari suka kai wa Elisha kukan mugun ruwansu, bai ce musu su bar garin ba, ya je bakin maɓuɓɓugar da gishiri, ruwan ya gyaru. Waɗannan ayyukan ikon Allah ne, ba aikin injiniya ba, ba kuwa daidai ba ne a haɗa su. Abin da suke nunawa shi ne, lalacewar abu ba ita ce maganar ƙarshe a kansa ba.

Ikilisiya kanta a kan wannan take tsaye. Bitrus ya ƙi cin abin da aka nuna masa cikin wahayi a Yafa domin bai taɓa cin haram ba, aka tsauta masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake da sunan ƙazanta, washegari kuma ya kama hanyar gidan Karniliyus. Hananiya ya ji tsoron Shawulu saboda tarihinsa, tarihin kuwa gaskiya ne, amma ya je ya kira shi ɗan'uwa. Jama'ar da ke karɓar mashayi da ɓarawo da suka tuba, ta ba su kujera a teburin Ubangiji, ba za ta iya riƙe koyarwar cewa abin da ya shiga masai ya shiga ke nan har abada ba.

Sai dai misalin yana da kaifi biyu. Ikilisiya ba ta damƙa wa tsohon ɓarawo jakar baiko a ranar da ya ce ya tuba. Ana sa masa ido, ana ganin 'ya'yan tubansa shekara da shekaru. Almajiran Urushalima ma ba su karɓi Shawulu ba sai da Barnaba ya tsaya masa shaida. Haka ruwa. Cewa zai iya tsarkaka ba ya nufin ya tsarkaka, sai an gwada an gani.

Maƙwabta Musulmi, waɗanda bututu ɗaya ke kai wa ruwa tare da Kirista a Domayo, malamansu sun duba wannan tambaya. A 1978 majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta yanke cewa ruwan da aka tace har najasa ta fita sarai, ba sauran launinta ko warinta ko ɗanɗanonta, ya koma mai tsarki, a iya alwala da shi, a iya sha in ba ya cutarwa, ko da yake sun fi son a sha wani in akwai. Sharaɗin da suka gindaya shi ne masana masu gaskiya su shaida cewa an tace shi. Ta hanyarsu suka iso inda wannan magana ta iso, wato kan shaida da amana.

Amana ita ce bututun

Mai shan ruwan famfo ba shi da ɗakin gwaji a gidansa. Yana sha ne bisa ga amincin mutanen da bai taɓa gani ba: mai zuba magani da tsakar dare, mai rubuta awo a littafi, mai sayen kayan gyara, mai sa hannu a takardar kuɗi. In ɗayansu ya ci amana, injin da ya fi kowane kyau ba zai ceci kowa ba.

Garin Walkerton na Kanada ya zama darasi. A watan Mayu na 2000 aka yi ruwan sama mai yawa, ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin rijiyar da ke ba garin ruwa. Masu kula da ruwan sun daɗe ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, suna kuma rubuta awon da ba su auna ba. Da mutane suka fara ciwo aka tambaye su, ba su faɗi gaskiya nan da nan ba. Wajen mutum 2,300 suka kamu, bakwai suka mutu, a garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba. Wannan ba ruwan masai da aka sake tacewa ba ne, ruwan rijiya ne a ƙasa mai arziki. Alƙalamin da ya rubuta ƙarya ne ya kashe su.

Saboda haka, in dattijon ya sāke tambayarsa, ya daina cewa daga ina ruwan ya fito, ya ce wa ke tsaronsa, to tambayarsa ta fi ta saurayin nauyi. Matata irin ta Goreangab tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, a arewacin Kamaru kuwa an ga shekarun da ruwan Lagdo ya yi ƙasa, wuta ta riƙa ɗaukewa a Garwa da Marwa. Tana bukatar magunguna da matatai waɗanda ake sayowa daga waje a kan kari. Tana bukatar ma'aikatan da ake biyansu albashi a kan lokaci, da wani mai bincike dabam wanda ba a ƙarƙashin masu matatar yake ba, da al'adar buga sakamakon gwaji kowa ya gani ko da ya zo da abin kunya. Inda babu waɗannan, gina matatar ganganci ne, gama kuskuren rijiya ɗaya gida ɗaya yake shafa, kuskuren matata kuwa birni duka.

Mai bi da ke aiki a hukumar ruwa, ko a asibiti, ko a ofishin magajin gari, ya sani cewa lambar da yake rubutawa a takarda shaida ce a kan ran maƙwabcinsa. Dokar da ta hana shaidar zur ta kai har littafin awon kulorin.

Wa zai sha?

Tambaya ta biyu ita ce ta adalci. A 2010 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwan sha mai tsabta hakki ne na kowane ɗan Adam. Amma a birane da yawa talaka ne ke biyan ruwa da tsada, gama mai famfo a gida yana biya a kan awon mita, wanda ba shi da famfo kuwa yana saye jarka jarka, ya biya ruwan, ya biya gumin mai turo kura. Da a ce za a tura ruwan da aka sake tacewa unguwar talakawa kaɗai, manya kuma su ci gaba da shan ruwan kwalba, to ko ruwan ya fi kowane tsabta, an yi zalunci, domin an nuna wa talaka cewa shi ne abin gwaji. Ma'aunin mai sauƙi ne: wanda ya ce ruwan yana da kyau, ya ba 'ya'yansa su sha.

Shugabannin Singafo sun gane haka. Ranar bikin ƙasa ta 9 ga Agusta 2002, firayim minista Goh Chok Tong ya sha ruwan da aka sake tacewa a gaban jama'a, tare da mutum wajen 60,000 da aka raba wa kwalabe. Suka kuma buɗe wurin da 'yan makaranta suka riƙa zuwa su ga yadda ake tacewa. A Toowoomba ta Ostareliya kuwa, cikin tsananin fari a 2006, an sa maganar a ƙuri'a, wajen kashi 62 cikin ɗari suka ƙi. Daga baya aka ja musu bututu daga wata madatsa mai nisa da kuɗin da ya fi na aikin da suka ƙi. Ana iya cewa tsoro ya rinjaye su, amma an tambaye su, an kuma girmama amsarsu. Zuba wa mutane abu a randa a ɓoye, ko da don amfaninsu ne, raini ne, ranar da suka gane kuwa ba za su ƙara gaskata kowane famfo ba.

Abin da ya dace da Domayo

Gaskiyar magana ita ce Marwa da Garwa ba su iso inda Windhoek take ba tukuna. Windhoek tana iya tace ruwan gidajenta domin akwai bututan da ke tattara shi wuri ɗaya. A nan kuwa yawancin gidaje salga suke da ita, ruwan wanka da na wanki ana watsa shi a titi ko a kwata, na kwata kuma ya gangara mayo, inda mata za su tona yashi da rani. Ba a iya sake tace abin da ba a tattara ba. Saboda haka aikin da ke gaba ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi gaggawa.

Na fari, a raba salga da rijiya, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga kada ta kwana a ƙasa. Na biyu, ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tafasa ko a sa masa kulorin, a tuna kuma cewa alif da zogale suna kwantar da laka ne, ba sa kashe dukan ƙwayoyin cuta. Na uku, masu kwashe masai su sami wurin zubarwa da aka keɓe nesa da mayo, a kuma daina kallonsu a matsayin ƙasƙantattu, gama suna yi wa birni hidimar da ta kai ta likita. Na huɗu, ruwan wanka da na ɗauraya ya tafi gindin itatuwa maimakon titi. Wagadugu, wadda yanayinta ya yi kama da na Marwa, tana da tafkunan tace ruwan kwata a Kossodo, ana noman lambu da abin da ya fito. Kowace lita da ta tafi lambu daga irin wannan tafki ta bar wata lita mai kyau domin randa. Ubangiji da kansa, bayan ya ciyar da dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin har kwando goma sha biyu. Wanda yake iya yawaita gurasa bai yarda da ɓarna ba, balle wanda ke sayen ruwa a jarka.

Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya fara wannan daga harabar majami'a da makarantar ikilisiya, su auna tazarar salga da rijiya da igiya, su nemi ma'aikacin lafiya ya gwada ruwan, su gayyaci mai unguwa da limamin masallacin kusa, tun da kwalara ba ta tambayar addinin kowa. Birnin da ya koyi riƙon amana a kan rijiya da salga, shi ne zai iya riƙe matata in ranarta ta zo. Ranar kuwa tana iya zuwa, gama jama'a suna ƙaruwa, damina ba ta ƙara tsawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A gindin dalbejiyar nan, dattijon ya sake ɗaukar moɗarsa, ya duba ruwan, ya tambayi saurayin, "To, wannan da ka kawo mini, daga ina ɗan garuwan ya ɗebo shi?" Saurayin ya yi shiru, gama bai tambaya ba. Sai dattijon ya ce, "Je ka gaya wa uwarka ta ɗora shi a wuta. Gobe kuma ka zo da igiya, a auna tsakanin salgar makaranta da rijiya."